Kukan kunnen kinin yana wucewa, na janta fa?

Duk wanda ya girma a Tawa kafin zuwan magungunan masassara na yanzu ya san kukan kunnen kinin. Kwana biyu da fara sha, ko da sa ƙarin ruwa, sai kunne ya ɗauki wani shuuu kamar an kunna rediyo ba a kama tasha ba, maganar mutane ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Ba wanda ke tada hankalinsa. Tsofaffi ma cewa suke yi alama ce magani ya kama jiki. Kuma ba su yi ƙarya duka ba, don da an gama kinin, kwana kaɗan kunne ya buɗe. Wannan sabon ne ya zauna mana a kai har muka yi wa magunguna kuɗin goro: in kunne ya yi kuka, a yi haƙuri, zai wuce. To akwai wani dangin magani da wannan lissafi ba ya ci a kansa, kuma ɗaya daga cikin ƴaƴan dangin yana cikin allurai mafi arha da aka fi yi a garin nan. Jantamisin ke nan, wanda kowa ke kira janta.

A gidanmu muka gani. Kawuna, wan mahaifiyata, magini ne, ya haura shekara sittin amma har lokacin yana hawa katanga. Wata bazara, cikin zafin nan na watan Afrilu, ƙusa ta soke shi a ƙafa, wurin ya kumbura ya fara ruwa. Bai je asibiti ba. Akwai wani mai yin allura a unguwa, shi ya riƙa zuwa safe da yamma yana yi masa janta, ƴar kwalbar nan mai miligiram 80, har kusan sati biyu. Ƙafa ta warke, aka yi ta sa wa mutumin albarka. Ranar da kawu ya fara fita sallar asuba, bai kai bakin lungu ba ya tafi luu ya dafe bangon maƙwabta. Muka ce jinya ce ba ta sake shi ba. Sati ya wuce, wata ya wuce, abu bai canza ba. Da rana da sauƙi, da dare kuwa tangaɗi yake yi kamar wanda ya sha wani abu, mutumin da ko taba bai taɓa sa wa a baki ba. An yi rubutu, an yi turare, an auna hawan jini. Wata rana na raka shi kasuwa, wani abokinsa ya gaishe shi daga nesa, sai ya tsaya cak kafin ya amsa. Na ce, “Kawu, ba ku gane shi ba ne?” Ya ce, “Ɗana, in ina tafiya duniya ce ke rawa. Fuskar mutum ba ta tsayawa wuri ɗaya. Sai na tsaya nake gane wanda ke gabana.”

Sai da muka sha tafiyar nan ta fiye da kilomita 500 zuwa Yamai. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya saurare shi, ya kama kansa da hannu biyu ya juya shi da sauri dama da hagu yana kallon idanunsa, sannan ya yi tambayar da ba wanda ya yi mana a wata uku: “Baba, an yi muku pikir kwanan baya? Wace iri, kwana nawa?”

Dangin maganin sunansa aminozid a bakin likitocinmu. Kakansu shi ne sitireftomisin, wanda wani ɗalibi mai suna Albert Schatz ya samo a 1943 daga wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin ƙasa, a ɗakin binciken Selman Waksman na Jami'ar Rutgers a Amurka. Shi ne magani na farko da ya iya da tarin fuka, kuma a kansa aka ba Waksman kyautar Nobel a 1952. Daga baya ƙannensa suka biyo: neyomisin a 1949, kanamisin daga Japan a 1957, jantamisin a 1963, amikasin a 1972. Hanji ba ya tsotse su, shi ya sa ba ka ganin su a ƙwayar sha don ciwon cikin jini, sai dai allura. Aibinsu kuma ba ɓoyayye ba ne, tun a majinyatan farko na sitireftomisin aka ga jiri da raunin ji. A 1952 wani likita a Amurka da aka yi wa wannan allura saboda ciwon gwiwa ya rubuta labarin kansa a mujallar likitoci. Ya ce ko karatu ya gagare shi a kan gado, don bugun zuciyarsa kaɗai ya isa ya sa haruffa su yi ta tsalle, sai ya maƙale kansa tsakanin ƙarafan gadon kafin ya iya bin layi. Da na ji wannan labari sai na tuna da maganar kawu a hanyar kasuwa.

Abin da muke kira kunne, wato fatar waje da ramin da muke sosawa da tsinken ashana, zaure ne kawai. Bayan dodon kunne akwai wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku, bayan su kuma, can cikin ƙashin kai, akwai ɗaki biyu cike da ruwa. Ɗaya a naɗe yake kamar katantanwa, shi ne na ji. Ɗayan yana da ƴan bututu uku masu lanƙwasa, shi ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ina kai ya juya, ya sunkuya ko ya miƙe. A cikin ɗakunan biyu akwai wasu ƙwayoyi masu ɗan gashi a ka. In sauti ko motsi ya girgiza ruwan, gashin ya kwanta, wata ƴar ƙofa ta buɗe a bakinsa, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. A katantanwar kunne ɗaya ba su wuce 15,000 zuwa 16,000 ba. Da su aka haife ka, da su za ka mutu. Fata in ta yanke tana tohowa, jini in ya zuba jiki na yin wani, amma waɗannan in ɗaya ta mutu ta tafi ke nan. Abin mamaki, tsuntsaye suna sake fitar da nasu, masu bincike sun tabbatar da haka tun wajen 1988. Kaza ta fi mu gata a wannan fanni.

Kinin gajiyar da waɗannan ƙwayoyi yake yi, ya dagula musu aiki na ɗan lokaci, in ya fita daga jini su farfaɗo. Aminozid kashe su yake yi. Daga jini yana tsallakawa cikin ruwan kunne, sai ya bi ta wannan ƴar ƙofa da ke buɗewa don sauti ya shige cikin ƙwayar. Shiga da sauƙi, fita da wuya. A jini ƙoda tana tace shi cikin awoyi, a kunnen ciki kuwa yana iya kwashe watanni. Da ya shiga, abin da ya saba yi wa ƙwayar cuta shi yake yi. Aikinsa shi ne ya lalata injin da bakteriya ke ƙera abin gina jikinta. To a cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai wasu ƴan murahu da ke samar mata da ƙarfi, ana ce musu mitokondiriya, kuma injinsu ya yi kama da na bakteriya sosai. Maganin ba ya bambance baƙo da ɗan gida. Murhu ya lalace, guba ta taru, ƙwayar ta mutu. Wannan daɗewa da yake yi a ciki shi ya sa wani sai an gama allura da sati biyu ko wata guda kunnensa ke fara ja da baya, lokacin da ba mai tuna allurar balle ya zarge ta.

Ɓarnar ma ba ta zuwa da sallama. A katantanwa, daga gindi take farawa, inda ake kama siraran sautuka masu tsini. Mutum zai daina jin kukan gyare da dare bai ma lura ba, wa ke kewar gyare? Sai ta gangaro zuwa sautukan magana irin su s da sh da f da ts. A nan ne za ka ji mutum na cewa yana jin murya amma ba ya gane magana. A ce sata ya ji fata. Muryar maza manya tana shigarsa, ta mata da yara tana kuɓuce masa, sai a ce ya raina matarsa ne ko miskilanci ya same shi. A wurin suna ko a tasha, inda hayaniya ta yi yawa, sai ya yi shiru yana murmushi kawai. Kafin a kai ga “ɗaga murya ba ya ji”, dubban ƙwayoyi sun riga sun tafi.

Ƴaƴan dangin kuma kowa da ɗakin da ya fi so. Amikasin da kanamisin da neyomisin sun fi cin ɓangaren ji. Janta da sitireftomisin sun fi cin ɓangaren daidaiton jiki, kodayake kowannensu na iya taɓa duka biyun. Shi ya sa kawu yana jin kiran salla sarai amma ba ya iya zuwa masallacin. Har likitocin kunne suna amfani da wannan hali na janta da gangan: a wani ciwon hajijiya mai tsanani da ake kira Meniyar, sukan zuba shi ta dodon kunne don su kashe ɓangaren da ke haukata majinyaci.

Ga abin da za ka iya gwadawa yanzu. Miƙa yatsanka gabanka, ka kafa masa ido, ka girgiza kai da sauri. Yatsan na nan fes. Kunnen ciki ne ke juya idonka daidai da juyin kai, ta ɗaya gefen, cikin ƙiftawa. Wanda ya rasa wannan, duk takun da ya yi sai hoton duniya ya yi tsalle, kamar bidiyon da aka ɗauka a kan kabu-kabu. Kuma mutum da ƙafa uku yake tsayuwa: ido, da kunnen ciki, da abin da tafin ƙafa ke ji daga ƙasa. In kunne ya tafi, saura biyu. Yanzu ka sa shi a lungun Tawa da asuba, ba wuta, yashi na zamewa ƙarƙashin takalmi. Ba abin da ya rage masa. Abin da ke ɓatar da mutane, har da ma'aikatan lafiya, shi ne galibi ba a samun hajijiyar nan mai juya ɗaki, saboda kunnuwan biyu tare suke lalacewa, ba wanda ya rinjayi wani. Majinyaci na kwance bai san komai ba, sai ranar da aka sallame shi ya miƙe.

Ba kowa abin ke samu ba, kuma an san waɗanda ya fi kamawa. Na farko mai raunin ƙoda, don ta nan kaɗai maganin ke fita. In ƙoda ta yi sanyi sai ya taru a jini, shi kuma da kansa yana cin ƙodar, abu ya zama zobe. Tsoho yana ciki ko da bai san yana da ciwon ƙoda ba, shekaru kaɗai suna rage mata ƙarfi. Haka wanda ruwan jikinsa ya ƙare saboda zawo ko amai ko zafin bazara. Sai yawan kwanaki: kwana biyu ko uku ba ɗaya ba ne da sati biyu, kuma wanda aka yi wa a bara, aka sake yi masa bana, lissafin taruwa yake yi. Sai haɗi. Maganin nan na sa fitsari da ake ba masu kumburin ƙafa da ciwon zuciya, furosemid, wanda aka fi sani da Lasilix, yana buɗe wa aminozid hanyar shiga kunne. Tsohuwa mai kumburi da ke shan sa, a zo a ɗora mata janta ba tare da an tambaya ba, an haɗa wuta da auduga. Mai ciki ma ana kaffa-kaffa da ita, don sitireftomisin da kanamisin sun taɓa kurumtar da ƴaƴa tun suna ciki.

Akwai kuma gado. A 1993 aka gano cewa wasu mutane suna ɗauke da wani ɗan canji a mitokondiriyarsu da ke sa injin ya ƙara kama da na bakteriya. Irin waɗannan, allura ɗaya daidai ƙa'ida tana iya kurumtar da su. A Ingila an ƙiyasta mutum ɗaya cikin kusan 500 yana da shi, har a Manchesta aka fito da wani awo da ake goga auduga cikin kumatun jariri a san matsayinsa cikin ƙasa da rabin awa. Mu ba mu kai nan ba, amma muna da abin da ba ya cin ko dala: mitokondiriya ta wajen uwa kaɗai ake gadonta. Don haka tambayar ita ce, a dangin uwa, kaka ko inna ko kawu ko ɗan ɗaki, akwai wanda ya kurumce bayan allura? Mu da muke iya lissafa dangi har kaka ta huɗu in ana maganar aure, wannan ba za ta gagare mu ba.

Inda ƙasarmu ta fi sanin ɗacin wannan magana shi ne wajen tarin fuka mai bijire wa magani. Daga 2008 Nijar ta shiga sahun ƙasashen farko da suka gwada gajeren tsarin jinya da aka fara a Bangaladash, tare da ƙungiyar Damien ta Beljiyam. Cikin tsarin akwai allurar kanamisin kullum na tsawon watanni. Sakamakon da aka fitar a 2014 abin alfahari ne: cikin mutum 65, 58 sun warke. Amma kusan ɗaya cikin biyar ya samu raunin ji. Ba na ganin laifin kowa a nan, a lokacin zaɓi tsakanin kunne da rai ake yi. Abin ya sauya da zuwan bedakilin, wani sabon maganin tarin fuka na sha. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina kanamisin a wannan jinya, a 2022 kuma ta amince da tsarin wata shida na ƙwayoyin sha zalla.

Wata ƙofar da ba a kula da ita ita ce maganin ɗigawa. Yaro na fitar da ruwa a kunne, uwa ta je farmasi ko wajen mai tallar magani a faranti ta ce a ba ta na kunne. Da yawa daga cikinsu, irin su Polydexa, akwai neyomisin a ciki, kuma takardarsu ta faɗa ƙarara kada a ɗiga in dodon kunne ya fashe. Alhali kunnen da ke zubar da mugunya sau da yawa fasasshe ne, ta nan ruwan ya fito. Sai an leƙa da fitilar awo ake sani. In ya fashe akwai wasu na ɗigawa, irin su ofulokzasin, da ba su da wannan haɗari.

Kada wani ya karanta wannan ya je gobe ya hana a yi wa jaririnsa allura. Jaririn da cuta ta shiga jininsa a satin farko, ya ƙi nono, jiki ya saki, ampisilin da janta ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a ba shi, haka ma yaron da tamowa ta kwantar har ya galabaita. Ana auna nauyinsa, a lissafa daidai kilo, sau ɗaya a yini, kwanaki ƙididdigaggu. A haka haɗarin kaɗan ne, cutar kuwa kisa take yi cikin kwana ɗaya ko biyu. Kuma ba kowace kurumta ce ta magani ba. Mu da ke tsakiyar yankin sanƙarau mun san yaran da suka tashi daga wannan ciwo ba sa ji, ciwon ne ya ci kunnen, seftiriyakzon da ake yi musu ba ya cikin wannan dangi. Haka azitiromisin da ake rabawa ƙananan yara, wanda binciken da aka yi a jihar Dosso aka fitar a 2018 ya nuna ya rage mutuwarsu da kusan kashi 18 cikin 100 a Nijar: wani gida ne daban. Shi da ɗan'uwansa eritiromisin sukan taɓa ji ne in an ba da su da yawa na dogon lokaci, kuma galibi yana dawowa in an tsaya.

Ni inda nake ganin gizo ke saƙa shi ne ƙaunar da muke yi wa allura. Mutum ya je awo a rubuta masa ƙwaya, ya fito yana ƙunƙuni wai ba a duba shi da kyau ba. Janta ga arha, ga shi ba ya son firiji, ga shi ana samun sa ba ordonansi, sai ya zama maganin zafin fitsari, da ƙurji, da tari, da ciwon da ake jin kunyar kai wa asibiti. Mai yin allurar a gida ba shi da sikeli, ba ya auna ƙoda, kuma kowace allura kuɗi ce a gare shi, me zai sa ya ce kwana uku sun isa? Makiyayanmu na wajen Abalak da Cintabaradan ma su sani, farin ruwan nan na penisilin da ake yi wa shanu da raƙuma sau da yawa haɗe yake da wani ɗan'uwan sitireftomisin da aka daina yi wa mutane tun da daɗewa saboda kurumtarwa.

In likita ya rubuta ɗaya daga cikin waɗannan allurai, ba rashin kunya ba ne ka tambayi sunanta da kwana nawa za a yi. Ka faɗi duk abin da majinyaci ke sha, ka faɗi in yana da ciwon ƙoda ko an taɓa yi masa irinta. In za ta wuce ƴan kwanaki, a nemi awon kireyatinin, shi ke nuna lafiyar ƙoda. Mai jinya ya riƙa tada majinyaci yana ɗan takawa in zai iya, ya riƙa yi masa magana a hankali ta bayansa ya ga ko yana ji. Kukan kunne, ko toshewa, ko tangaɗi, ko gani na rawa, a gaya wa majo ko likita a ranar, kafin allura ta gaba. Abin da ya mutu ba ya dawowa, amma tsayawa da wuri na ceton abin da ya saura. Wanda jinsa ya ragu na'urar ji tana taimaka masa, yaro kuma gwargwadon saurin gano shi gwargwadon yadda zai koyi magana, ko ta baki ko ta hannu.

Kawu likitan bai ba shi ko ƙwaya ɗaya ba. Motsa jiki ya koya masa: ya liƙa takarda mai rubutu a bango, ya kafa mata ido yana juya kai, safe da yamma, kuma ya yi ta tafiya kada ya zauna, don ƙwaƙwalwa ta koyi dogara da ido da ƙafa. Ya ji haushi sosai, wai mun ɓata kuɗin mota a kan girgiza kai. Amma ya yi. Yanzu da rana yana zuwa kasuwa shi kaɗai. Katanga dai ya bar wa yaransa, daga ƙasa yake tsayawa yana nuna musu inda layi ya karkace. Da asuba jikansa ne ke riƙe masa tocila, shi kuma hannunsa ɗaya na bin bango har ƙofar masallaci.